Ta Katanga Muke Koyon Girki

A lungunmu babu macen da aka taɓa koya wa girki. Haka dai kowacce take faɗa. Tambayi Hajiya ta gidan kusurwa wa ya koya mata miyar taushe, za ta taɓe baki ta ce, "Yo wa zai koya mini? Tashi na yi na gan ni ina yi." Tambayi Gwaggo mai ƙosai, amsar ke nan. Hatta amaryar da aka kawo mana bara, wadda ƙaurin shinkafarta ta farko ya kai har bakin masallaci, yanzu cewa take ita tun tana ƙarama hannunta yake da daɗi. Mukan ce mata, "Ƙwarai kuwa," sannan mu haɗa ido.

Alhali duk mun san yadda abin yake tafiya. Makaranta ce mai aji-aji, rajista ce kawai ba a yi. Ajin farko aike ne. "Ungo, je ki gidan Inna ki sayo daddawa, ki ce in ji ni ta zaɓo miki mai kyau, ba irin ta rannan ba." Yarinya ta je ta dawo, a sunsuna, a ce ta mayar. Kafin ta gaji da sawu hancinta ya san daddawa. Daga nan sai kai markaɗe, inda za ta koyi tsayawa a kan mai inji kada ya cika wa ƙullin ƙosai ruwa. Sai wanke-wanke da kankarar ƙanzo, sai tsintar shinkafa a faranti, sai tsigar zogale, sai jajjagen attaruhu da albasa a ƙaramin turmi, ido yana hawaye ana ce mata ta daina kukan banza. A tsakanin nan tana can bayan ɗaki tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatur tana raba wa 'yan tsana. Ranar da uwa ta ce, "Zo ki riƙe mini muciyar nan, bayana ya gaji," ranar aka ƙara mata aji, ko da yake ba wanda zai faɗa mata.

Abin da yake ba 'yan koyo haushi shi ne awo. Mu ba mu da awo sai "ɗan kaɗan" da "daidai misali" da "sai kin ga ya yi".

"Umma, kanwar kamar yaya zan sa?"

"Ke ba ki da ido ne?"

Wasu sun ce rowar ilimi ce irin ta manya. Ni ban yarda ba. Kanwa ba iri ɗaya ba ce, akwai ungurnu akwai ja, wata ɗan gutsure ya isa tukunya, wata sai an ƙara. Sabuwar masara da wadda ta shekara a rumbu ba sa shan ruwa iri ɗaya. Attaruhun rani da na damina kowanne da zafinsa. Wutar ice daban, ta gawayi daban, ta gas daban. Uwar da ta ce wa 'yarta "cokali biyu" yau, watan gobe maganar ta zama ƙarya. Shi ya sa take barin ta ta tsaya a gindin murhu ta gani da idonta, ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta saurari yadda tukunya take tafasa.

Duk kurin da ake yi da soyayyiyar shinkafa da gasasshiyar kaza, mu a nan da tuwo muke auna mace. Na masara ko na dawa, na daren Talata, ba baƙo ba biki. Aikinsa tun daga surfe yake farawa: a surfa, a bakace dusa, a wanke, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe. In ruwa ya tafasa a dama gari da ruwan sanyi a yi talge, a bar shi ya dahu sosai. Nan masu gaggawa suke faɗuwa, don talgen da bai dahu ba tuwonsa gari-gari zai riƙa yi a baki, kuma kafin gari ya waye ya saki. Sannan a riƙa zuba gari ana tuƙi. Tuƙin nan kuwa ta katanga ake jin sa. Wadda ta iya, muciyarta ba ta hayaniya, jawo tuwon take yi tana murƙushe shi a jikin tukunya, tim, tim, a natse. Wadda ba ta iya ba, ƙwal-ƙwal ɗin muciya a gindin tukunya za ka ji, ka san yau mutanen gidan za su sha tsintar gudaji. A rufe ya sulala, a sake tuƙawa, a tsoma mara a ruwa a kwashe, a juya malmala a ƙwarya ta fito sumul. Yanzu leda ta shigo, ana ƙulla tuwo a ciki a jera a kula. Tsofaffi suna ci suna mita, wai leda ta rufa wa ragwaye asiri tunda ba a ganin hannun mai malmala.

Shaida ta biyu da safe take fitowa. Tuwon da ya tuƙu shi yake yin ɗumame, a yanka shi a cikin ragowar miya, a ɗora a wuta marar ƙarfi, a zuba man shanu da yaji. Maigidan da ya ture kwano da dare wai ya gaji da tuwo, shi ne zai fara leƙowa da safe yana tambayar ko an rage.

Miyar kuka kuma ita ce wadda kowa ya raina, ba kowa ya iya ba. Kayanta ba su taka kara sun karya ba: daddawa, barkono, albasa, citta, masoro, ɗan busasshen kifi ko ƙashi in Allah ya hore, wasu su daka wake su zuba. Magana tana ga dahuwar ruwan miya. Daddawa tana son wuta. In ba ta dahu ba miya ta yi warin da yake korar yara, in ta dahu kuwa mai wucewa a lungu sai ya rage tafiya. Sai a sassauta wuta a ɗauki maburgi, hannun hagu yana barbaɗa kuka, na dama yana kaɗawa, ba tsayawa, ko sallama aka yi sai dai a amsa daga zaune. In kuka ta shiga ba a barin ta ta yi ta tafasa, kuma mu ba ma rufe ta ruf. Ita kanta kukar a duba ta tun wajen saye. Wadda aka shanya ganyenta a inuwa koriya ce shar, wadda rana ta dake ta ta koɗe, ɗanɗanon ma ya tafi.

Da zarar an ambaci daddawa, Gwaggo za ta gyara zama. A wajenta magi ne ya lalata hannun mata. Za ta ba ka labarin yadda ake dafa kalwar ɗorawa yini guda, a surfa ta, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta ruɓa ta yi ƙamshi, a kirɓa a shanya. Ta waken suya da ake yi yanzu, ko kallonta ba ta yi. Muna saurare muna gyaɗa kai, don maganarta akwai gaskiya a ciki. Sai dai jikarta ce take zubar da shara, kuma mun ga ɓawon dunƙule a ciki.

Jarrabawa a kwanon ciyayya ake yin ta. Bayan magariba za ka ga yara suna tsallaka lungu da kwanuka a rufe: na gidan Malam, na tsohuwar da 'ya'yanta suke Legas, na maƙwabciyar da take jego, na almajirin gida. Ba a mayar da kwano haka nan, in an kawo miki dambu kya mayar da ɗanwake, ko babu komai kya jefa ƙuli-ƙuli. Ta haka kowane gida ya san hannun kowane gida. A rufe mana ido a ba mu loma ɗaya, za mu faɗi tukunyar da ta fito. Mai yawan citta ta Hajiya ce. Mai tsamin yakuwa ta Maman 'yan biyu ce. Wadda manja yake iyo a samanta ta matar direba ce, ita ma ta sani.

Sakamako kuwa ba a faɗar sa gatsal. Ba wadda za ta ce miki gishiri ya yi yawa. Sai dai a aiko yaro ya ce, "Wai in ji Umma an gode, Allah ya ƙara buɗi." In an tsaya nan, to an dai ci. In aka ƙara da "wai me kika sa a miyar nan?" kin haye. In kuwa washegari Gwaggo ta shigo da kanta, ta ja kujera 'yar tsugunno, ta fara da "'Yar nan, ni a da yadda nake yin kuɓewa," ki ajiye abin da yake hannunki ki saurara, gyara ne ya zo. Za ta gaya miki ɗanyar kuɓewa ba ta son doguwar wuta, ɗan ruwan kanwa yake fito da yauƙinta, kuma tumatur in ya yi yawa tsinka ta yake yi. Ba za ta taɓa cewa taki ta jiya ta tsinke ba.

Amarya mako guda take yi ba ta ɗora tukunya ba, daga gida ko daga wajen dangin miji ake kawo abinci. Ranar da za ta fara girki kuwa, duk hancin lungu yana gidan. Ni tausayin amare nake ji a ranar nan, don ko wadda ta iya sai hannunta ya yi rawa. A gidan da mata biyu suke ma abin ya fi tsanani: kwana bibbiyu ake karɓar girki, kuma yaran gidan ba su iya ɓoye ranar da suke side kwano ba.

Aure ne ma yake shigo mana da sababbin tukwane. Wadda aka auro daga Zariya ita ta gyara mana fate, tsakin masara da yakuwa da gauta da gyaɗa, a sha shi da ludayi ana gumi. Muna tsokanar ta, mu ce Zage-zagi ko a gidan biki fate suke nema. Ta ce gara su, mu Kanawa in aka hana mu gurasa kwana biyu sai an kai mu asibiti. 'Yar Maiduguri ta zo da burabusko, ta kuma koya mana cewa bayan an gama girki ana turara gida, kada baƙo ya shigo ya san abin da aka soya. Wannan darasin dai har yanzu rabinmu ba mu ɗauka ba.

Yanzu kuma an samu sabuwar malama, waya. 'Yan matanmu sukan jingine ta a jikin galan ɗin mai, suna kallon wata a TikTok ko Instagram ko YouTube tana cewa kofi biyu na fulawa, cokali ɗaya na yisti. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta shigo mana da shirin Akushi da Rufi har tsakar ɗaki, tsofaffin da suke cewa ba ruwansu ma suna kallo ta wutsiyar ido. Mukan yi wa yaran dariya mu ce waya ba ta jin ƙauri, haka ne kuwa, an sha barin tukunya tana kamu ana mayar da bidiyo baya. Amma a faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: sambusa da shawarma da donat da kek, su suka kawo mana. Kuma a kayan fulawa awon nan nasu yana da rana, kek ba ya jin "ɗan kaɗan". Amaryar bara ce ta nuna wa Hajiya yadda ake gasa shi a tukunya, a zuba yashi a ƙasa, a ɗora gwangwani, a rufe, wuta kaɗan-kaɗan. Hajiya ta tsaya ta gani tsaf, har ta tambayi ƙwai nawa. Da ta aiko mana da nata a Sallah, ba a ambaci sunan kowa ba.

Maza kuwa a bar su da kuri. Kowanne yana da labarin girkin da ya yi a makarantar kwana ko lokacin bautar ƙasa, in ka bi diddigi taliya ce da manja, ko garau-garau. Ba raina su muke yi ba, tsire da balangu da kilishi duk hannun maza ne, kuma mai shayin bakin titi yana soya ƙwai fiye da wasunmu. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne mutumin da yake feɗe rago shi kaɗai ranar layya, ya shigo kicin ya tsaya yana tambayar inda ake ajiye ashana. Maman 'yan biyu dai, da yake duk 'ya'yanta maza ne, ta ce ita ba za ta mutu a gindin murhu ba. Babban ɗanta yana jefa ɗanwake, garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa, ba irin na fulawa zalla da ake yi yanzu ba, kuma ƙanana yake jefawa, ba ɓarka-ɓarka ba. Da farko an yi ta magana. Yanzu masu maganar su suke aiko da kwano.

Wadda ta fi kowa koya mana girki dai, tsada ce. A 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatur a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur, matan da suka rantse ba sa cin kauɗa suka koyi jiƙa ta da ruwan zafi su wanke ƙasar su markaɗa. Aka gano kabewa tana ba miya kauri, tattasai da albasa suna riƙe jar miya ko tumatur ɗin ƙwaya uku ne. Tun daga nan muka daina sakaci. Da sanyi ya shigo, tumatur ɗin Kadawa da Kura ya cika kasuwa, mukan haɗa kuɗi a tura mutum ɗaya Yankaba ya sayo kwando, a raba. Wasu su yanka su shanya a kan rufi, wasu su markaɗa su dafe shi ya ƙafe su ɗura a kwalba, a ajiye wa damina. Sai kuma aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwanon hatsi da ya fito daga Dawanau. Tukunyar gas ta koma lungun ɗaki, kurfoti ya dawo tsakar gida. Awara ta samu girma, ana soya ta a tsoma a miya, yara su ci a matsayin nama.

A nan ne nake ganin ake gane gwana. In an ba mace kaji huɗu da buhun shinkafa, ko ba ta iya ba mai zai rufa mata asiri. Amma wadda za ta ɗauki kwanon tsaki da zogalen bayan gida da ƙuli-ƙulin da bai cika tafin hannu ba, ta turara dambu a madambaci ya fito washar-washar, ta ciyar da mutum goma, ita ce za a jinjina wa. Mun ga irin wannan dambun ya sa Malam santi. Yana cikin ci ya ɗaga kai ya dubi katangar da ta shekara ashirin a wajen ya ce, "Kai, wanda ya yi ginin nan ya iya aiki." Yara suka fashe da dariya, shi bai ma san abin da ya faɗa ba.

Azumi kuwa girkinsa da kansa yake bin lissafin goma-goma. A goman marmari kowace tana nuna bajinta: kunun gyaɗa, kunun tsamiya, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, farfesu, zoɓo, har a rasa wajen ajiye kwano a tabarma, rabi ya kwana. A goman wuya an fara lissafi. A goman ɗokin Sallah kuɗi sun tafi wajen tela, kowa ya koma tuwo, kuma sai ka ji ana cewa ai dama shi ya fi riƙe ciki.

Daren Sallah ba a barci a lungunmu, saboda waina. Tun da rana an jiƙa farar shinkafa ta tuwo, an ɗebi kaɗan an dafa an haɗa, an kai markaɗe da albasa. Layin inji a ranar sai wanda ya gani, bokiti bayan bokiti, kowace yarinya tana gadin nata kada a yi mata musanye. A sa yisti a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi. Ƙulli in ya tashi za ka gan shi ya kumbura yana ƙwayar ido, yana ɗan ƙamshin tsami. Sai a sa gishiri da sukari, a kashe tsamin da ruwan kanwa ko bakin hoda, a buga shi da ludayi. Kafin kiran assalatu an ɗora tanda. Masu tandar ƙasa suna raina masu ta ƙarfe, kuma suna da hujja, wainar tandar ƙasa gefenta yana yin ƙus-ƙus cikinta yana laushi, sai dai tana son haƙuri. Zubin farko kusan kullum kamawa yake yi, na yara ne, suna tsugune suna jira ido duk barci. Mai suya ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙulli, ta jira gefe ya yi ja, ta sa cokali ta juya da sauri. Wuta in ta yi yawa waje ya ƙone ciki ɗanye, in ta yi kaɗan waina ta sha mai ta kwanta. A ɗaya murhun taushe tana dahuwa: kabewa ta narke, nama mai ƙashi ya saki, gyaɗa ta shiga, alayyafo da yakuwa su zo a ƙarshe don kada su mutu. Kafin maza su dawo daga Idi an fara rabo, kuma ranar kwanon ciyayya har unguwa uku yake tsallakawa. Za ki aika da waina gida bakwai, waina ta dawo miki daga gida bakwai, ki zauna kina ɗanɗanawa kina ba kowa maki a zuci.

Babbar Sallah aikinta daban ne. Ranar farko kayan ciki, wankin hanji da tumbi, aikin da kowa yake tura wa na ƙasa da shi. Rago ya kwana a rataye ya tsane, washegari a yanyanka a hau suya. Mutanen Nijar sukan soke ragon dungurungum da itace su jera a gefen wuta ya gasu, mu kuwa suya muka gada, a soya shi ya soyu ƙarau a cikin kitsensa yadda zai yi watanni ba firji. A ware na dambun nama, a dafa shi da kayan ƙamshi, a daka a turmi, a soya har ya zama kamar auduga. Kai da ƙafa a babbake a ajiye. Tsofaffi kuma sukan ɓoye wani abu daga ragon, wutsiya ko kai, sai daren cika-ciki a watan Muharram a fito da shi a yi miya, a ce kowa ya ci ya ƙoshi. Inda ake ɓoye soyayyen nama a gida kuwa, wannan ilimi ne da uwa ba ta koya wa kowa, yara ne suke gano shi da kansu.

Girkin suna da na biki ba na mutum ɗaya ba ne, gayya ake yi. Tun jajibiri mata za su hallara, kowacce da wuƙarta da tirenta. Ba a rabon aiki da baki amma kowa ya san wurinsa: 'yan mata yankan albasa da ɗiban ruwa, matasan aure gyaran kaji da suya, manya a kan tukunya. Gishiri mutum ɗaya ce take sawa. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to ban da hannun gishiri, don mun taɓa ganin dafa-dukar da mata uku suka sa wa, kowacce tana ganin ita ta tuna. A irin wannan zaman ne yarinya take ganin abin da ba ta gani a gidansu, yadda ake dafa rabin buhun shinkafa ba ta caɓe ba, yadda ake janye itace a bar garwashi ya ƙarasa, yadda ake rufe bakin tukunya da buhu don turiri ya zauna. A nan kuma take jin wa za a aura, wa ya yi yaji, wa ya dawo.

Kayan gara su ne suke ba ni tsoro, don masu iya su suna ƙarewa. Cincin kowa yana yi. Dubulan ma da dama-dama, in an samu mai haƙurin murza shi ya yi siriri a naɗa shi a tsoma a ruwan sukari. Amma alkaki da nakiya, a duk lungun nan mutum biyu ne suka rage, kuma dukansu suna dogara sanda. Alkaki tsakin alkama ne, a kwaɓa shi a bar shi ya kwana ya yi tsami, a murza da mai, a naɗa shi a hannu, a soya a wuta marar gaggawa, a tsoma a zuma ko dafaffen sukari mai tsamiya. Nakiya kuma shinkafa ce da kayan yaji da mai da zaƙi, a soya garin a yi ta kirɓi a turmi har kafaɗa ta sage, amma in ta yi sai ta daɗe a ajiye ba abin da ya same ta. Iyayen amare yanzu saye suke yi a wajen masu sana'ar, bokiti-bokiti. Ba laifi ba ne, sana'a ce, kuma tana rufa wa mata da yawa asiri. Sai dai duk lokacin da Inna, ɗaya daga cikin biyun nan, ta zauna naɗin alkaki mukan ce wa 'yan mata su matso su gani, su ce to, su ɗauke ta bidiyo, su koma gefe. Inna ta ce su ɗauka da kyau, in ta mutu sai su riƙa lasar wayar.

Sai rigimar babbar tukunya. Guda ɗaya ce a lungun, mai cin rabin buhu, ta Hajiya ce, ko da yake rabon da ta kwana a gidan Hajiya an manta. Daga gidan suna ta wuce gidan biki, daga can ta tafi sadakar bakwai, murfinta ya ɓata tun wani biki da har yanzu ba a yarda gidan wa ne ba, da faranti ake rufe ta. Ƙa'idar aro ita ce a dawo da ita a wanke, da ɗan abin da aka dafa a ciki. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk mai bukata ta aika yara su bi gida-gida suna tambaya. Yanzu haka suna biyu ne suka faɗo rana ɗaya, Asabar mai zuwa, na gidan direba da na ƙanwar Maman 'yan biyu, kuma kowacce ta rantse ita ta fara faɗa wa Hajiya. Hajiya ta ce ita ba ta tuna ba, su je su sasanta. Gwaggo ta ba da shawarar ɗaya ta yi waina ɗaya ta yi shinkafa, a haɗa baƙin a ci tare. Matar direba ta ce ta ji, amma ita ce mai shinkafar.